Zaman Natsuwa Don Lafiyar Jiki da Hankali



Jawabinmu na yau a kan zaman natsuwa ne, wato mutum ya keɓe kansa na ɗan lokaci, ya zauna shiru, ya tattara hankalinsa wuri guda. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, domin Musulmi suna yin zikiri da tafakkuri, Kirista kuma suna yin addu'a cikin shiru. Abin da muke so mu bayyana shi ne amfaninsa ga lafiya.

Idan mutum ya shiga damuwa, jikinsa yakan zuba wasu sinadarai cikin jini. Nan take zuciya ta riƙa bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, jini ya hau. Wannan shiri ne na tsere wa hatsari, kuma na ɗan lokaci ne. Amma idan ya zama na kullum, saboda bashi ko rigimar gida ko wahalar neman abinci, yakan jawo rashin barci da ciwon kai, ya kuma tsananta hawan jini.

A shekarar 1975 wani likitan zuciya na Jami'ar Habad a Amurka, Herbert Benson, ya bayyana cewa zaman natsuwa yana rage saurin numfashi da bugun zuciya. A 1979 kuma Jon Kabat-Zinn ya fara koyar da shi ga marasa lafiya a wani asibitin jami'a na Amurka, cikin darasi na mako 8. A 2004 hukumar tsara ka'idojin jiyya ta Ingila ta amince da irin wannan horo domin masu ciwon baƙin ciki mai tafiya yana dawowa.

Ga yadda ake yi. A sami wuri mara hayaniya, a zauna a miƙe baya, a rufe ido. A ja numfashi a hankali ta hanci, a sake shi sannu sannu, ana lura da shigarsa da fitarsa. Tunani zai zo, na kasuwa ko na iyali. Kada a yi kokawa da shi, a komar da hankali kan numfashi kawai. Minti 10 zuwa 20 a kowace rana sun isa, kuma dagewa ta fi tsawon zama muhimmanci.

Sai dai a kula. Zaman natsuwa mataimaki ne, ba ya maye gurbin magani. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa da zuwa awo. Wanda kuma ya ji damuwarsa tana ƙaruwa idan ya zauna, ya dakata, ya je ya ga likita.

Lafiya uwar jiki ce. Allah ya ba mu ita, amin.