Jinin Uwa da Jinin Jariri

Yau batun rukunin jini za mu taɓa, ba na sikila ba, wannan daban ne.

A fatar jajayen ƙwayoyin jinin yawancin mutane akwai wani furotin da likitoci ke kira Rh, an gano shi tun 1940. Wasu kuwa ba su da shi, kuma lafiyarsu lau.

To, ga inda gizo ke saƙa. Idan uwa ba ta da shi, jariri kuma ya gado shi daga uba, ranar haihuwa ko ɓari jininsa kan ɗan shiga nata. Sai garkuwar jikinta ta ɗauke shi baƙo, ta tanadi makamai ta ajiye. Ɗan fari yakan tsira. Na bayansa ne makaman ke ratsa mabiyiya su farfashe masa jini, a haife shi da shawara mai tsanani, wani ma babu rai. Sai ki ji ana cewa wabi ne, ko a ɗora wa kishiya.

Alhali allurar anti-D cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari tana toshe wannan ƙofa. Don Allah in kin je awo, ki tambayi rukunin jininki, ki rubuta ki adana.