Jami'o'i Sun Yawaita, Ina Ƙannenmu?



Kwamitin shirya taro ya umarce ni in yi magana a kan yadda za a ƙara shigar da 'ya'yanmu manyan makarantu. Umarnin na gaba ne ya sa na karɓa, in ba haka ba, ina ni ina tsayawa a gaban waɗanda suka yi mini tarbiyya?

Bari mu ɗan waiwayi baya. A 1948 aka buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan. Arewa ba ta sami tata ba sai 1962, da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A 1975 aka ƙaro wasu a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Jos da Ilori. A 1978 hukumar JAMB ta fara tace masu neman shiga. Jami'o'in 'yan kasuwa sun sami lasisi a 1999. A 2011 gwamnatin Jonathan ta kafa tara, ciki har da ta Dutse da Dutsin-Ma da Kashere, sannan a 2013 ta ƙara da Gusau da Birnin Kabi da Gashuwa. Har ta kai a 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantunta na tsawon shekara bakwai.

Ke nan gini ya samu. To, me ya hana yaran garinmu shiga?

Na farko, tushe. Ba a shiga jami'a sai da kiredit biyar, ciki har da Turanci. A jarrabawar JAMB ta 2025 kusan yara miliyan biyu suka zauna, amma fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari uku ba su kai maki 200 cikin 400 ba. Kuma tun 2015 da kwamfuta ake yin ta, alhali akwai yaron da sai a ɗakin jarrabawa zai fara taɓa kwamfuta.

Na biyu, kuɗi. A ajinmu akwai waɗanda suka fi ni ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. Malamanmu ga su nan, sun san su. Ba faɗuwa suka yi ba, kuɗin fam da na rajista ne ya gagari iyayensu.

Na uku, karayar zuciya. A 2022 malaman jami'a sun yi wata takwas suna yajin aiki. Uba da ya ga haka sai ya ce gara yaro ya tafi kasuwa, yarinya kuma a yi mata aure.

'Yan uwa, ba mu da ikon hana yajin aiki, amma akwai abin da muke iyawa. Ina roƙon wannan taro ya duba abubuwa huɗu.

Mu kafa asusu da zai biya wa 'yan ajin ƙarshe marasa ƙarfi kuɗin JAMB, a ware rabi ga 'yan mata. Mu sayo wa makarantarmu kwamfutoci da sola, mu ɗauki nauyin mai koyarwa. Mu sa waɗanda suka sani a cikinmu su riƙa zama da yara kafin su cike fam, domin kowa likita ko lauya yake rubutawa, ga kwalejojin ilimi da na fasaha da makarantun jinya suna nan. Sannan mu faɗakar da iyaye cewa tun 2024 akwai asusun NELFUND mai ba ɗaliban makarantun gwamnati rance ba ruwa, mu kuma taimaka wajen cike takardunsa a intanet.

Ku kuma abokaina da kuka tsaya a sakandare, ƙofa ba ta rufu ba. Jami'ar karatu daga gida, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita, tana da cibiyoyi a jihohinmu. A ma'aikatarmu na ga magidanta sun yi digiri a can ba tare da barin aiki ba. Gemu ba ya hana ilimi.

Ranka ya daɗe Shugaba, ina fata kafin mu tashi a naɗa kwamiti, a kuma buɗe rajistar alkawari. Ni na ɗauki nauyin kuɗin jarrabawar yara biyu a bana.

Allah Ya saka wa malamanmu da alheri, Ya ji ƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.