Lomar dare da sugan safe: jawabi ga masu ciwon suga da masu kula da su

Wannan jawabi ne da ma'aikaciyar jinya mai kula da masu ciwon suga ta yi a taron wata-wata, a rumfar asibitin sansani. Mun buga shi saboda waɗanda ba su samu zuwa ba. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa.

 

Tambaya ɗaya ce ta fi yawa a wannan wata. Mutum ya kwanta bai ci komai ba tun tuwon magariba, da safe a gwada shi a ga suga ya hau. Sai ya ce, to daga ina? Wasu kuma an gaya musu wai maganin abin shi ne a ci wani abu kafin a kwanta. Wannan shawara tana ceton wani, tana kuma cutar da wani, don haka yau nake so kowa ya san ɓangaren da yake.

Mu fara da lamba. Abin da muke nema ga yawancin manya da safe, kafin a sa komai a baki, shi ne tsakanin 80 da 130. Wata na'urar tana rubuta 0.80 da 1.30, duk abu ɗaya ne, lissafin ne ya bambanta. Ƙasa da 70 kuwa suga ya faɗi ke nan, kuma wannan ba ya jiran gobe.

Me ke hawar da shi da safe? Hanta rumbu ce. Da rana tana ajiye suga, da dare tana fito da shi kaɗan-kaɗan don kada jiki ya rasa. Daga wajen ƙarfe uku na dare zuwa asuba, jiki yana sakin wasu sinadarai da ke shirya mutum ya tashi, su kuma sai su sa hanta ta ƙara buɗe rumbun. Mai lafiya insulin ɗin jikinsa yana daidaita abin. Mai ciwon suga nasa bai isa ba, sai a wayi gari lamba ta hau. Ba laifinka ba ne, kuma ba wai ka saci abinci cikin dare ba. Dalili na biyu, maganin jiya ya ƙare aikinsa kafin gari ya waye. Na uku shi ne wanda ba a son in faɗa: malmalar tuwo biyu da daddare, a bi da kofin kunu mai suga, ko a zauna hira ana shan shayi zagaye uku. Wannan ba hanta ba ce, Baba, butar shayi ce.

To, wa ke bukatar lomar dare?

In Metformin kaɗai kake sha, wannan ƙwayar da wuya ta faɗar da suga ita kaɗai. Ba ka bukatar ci kafin barci don tsoron faɗuwa. In ka ƙara fura ko gari da suga da sunan magani, abin da za ka samu shi ne lamba mafi girma da safe. Kai abin da zai taimake ka shi ne ka ci abincin dare da wuri, ka rage tuwo ka ƙara miyar ganye, kuka ko zogale ko yakuwa, sannan ka ɗan taka ƙafa bayan ci, ko da zagaya layinku ne.

Amma in allurar insulin kake yi, musamman mai fari-farin nan kamar tsala da ake yi da yamma, ko kuma kana shan Glibenclamide ko Gliclazide, maganarka daban ce. Waɗannan suna aiki ko ka ci ko ba ka ci ba. Allurar yamma tana kai ƙarfinta ne tsakar dare, lokacin da kowa ke barci. Faɗuwar suga da rana mutum yana jinta, ya ji rawar jiki da yunwa, ya nemi abin ci. Cikin barci kuwa tana iya zuwa babu sallama. Shi ya sa nake ce muku, tsakanin sugan da ya ɗan hau da safe da wanda ya faɗi tsakar dare, na biyun na fi tsoro. Na farko sannu a hankali yake ɓarna, muna da lokacin gyara shi. Na biyu dare ɗaya ya ishe shi.

Ku masu wannan magani, ku ci wani abu kafin ku kwanta in ɗaya daga cikin waɗannan ya faru: kun gwada kun ga ƙasa da 100, ko abincin dare bai kai yadda kuka saba ba, ko kun wuni kuna aikin ƙarfi, kamar tafiya neman itace, ɗiban ruwa, buga bulo ko noma. Aikin rana yana ci gaba da jan suga har cikin dare, mutane da yawa ba su san haka ba.

Kuma loma na ce, ban ce a sake ɗora tukunya ba. Ɗan abu mai sitaci haɗe da abin da ke daɗewa a ciki. Rabin kofin kunu ba suga da gyaɗa cikin tafin hannu. Ko 'yan cokula na dafaffen wake. Ko ƙaramin kofin nono ba a sa masa suga ba. Ko ɗan ragowar tuwo kamar girman ƙwai, da ƙuli-ƙuli biyu. Dabara mafi sauƙi ita ce a ɗebe wannan daga cikin abincin dare a rufe a ajiye, ba sai an nemo ƙari ba.

Na san halin da ake ciki in wata ya yi nisa, hatsin rabo ya kusa ƙarewa. Uwa takan bar wa yara nata ta kwanta haka. Mama, in ke ce mai shan Glibenclamide, kada ki sha ƙwayar yamma a kan cikin da babu komai. In kuma insulin kike yi, ko ɗanki ne ke yi, kada a daina allura da ka, musamman yara da matasan da rayuwarsu ta dogara da ita. Ku zo ku gaya mana abinci ya yi ƙasa, mu daidaita yawan maganin. Ba abin kunya ba ne, kuma ba za mu iya sani ba sai kun faɗa. Wanda ya haura shekara 60 yana shan Glibenclamide shi ma ya zo da katinsa, domin ƙwayar tana daɗewa a jikin tsofaffi, akwai wadda ta fi dacewa da su.

Yanzu ga masu kwana ɗaki ɗaya da mai ciwon. Ku ne idonsa da dare. In kin ga maigida ya jiƙe sharkaf da gumi alhali ba a zafi, yana juye-juye, yana sambatu ko ihu cikin barci, ki tashe shi. In ya farka yana iya haɗiya, ki jiƙa suga cokalin shayi uku, ko ƙwaya uku na mai ƙwaya, a ruwa ki ba shi. A jira minti 15. In bai dawo daidai ba a sake. In ya dawo, a ba shi abinci na sosai, don sugan da aka jiƙa ba ya daɗewa. In kuwa bai farka ba, ko yana fizge-fizge, kada a ɗura masa komai a baki, zai iya shaƙewa. A kwantar da shi ta gefe, a aika a kira ma'aikacin lafiya ko a kawo shi nan take, ko ƙarfe nawa ne. Kada a tsaya neman mai tofi ko hayaƙi tukuna. A yi addu'a ana tafiya.

Saboda haka kowane mai allura ya ƙulle ɗan suga a leda ya sa kusa da matashinsa, inda hannu zai kai cikin duhu, kuma mutanen gida su san wurin. Yara su san wannan ba na shayi ba ne.

Wani kuma ba ya farkawa, sai dai ya tashi da ciwon kai, da kasala, riga a jiƙe, ya yi munanan mafarkai. In hakan na faruwa, ko da lambar safe ta yi sama, kada ka ƙara wa kanka allurar yamma. Wataƙila ta riga ta yi yawa. Mai na'ura a gida ya gwada sau uku: lokacin kwanciya, wajen ƙarfe uku na dare, da asuba, kwana biyu ko uku, ya rubuta ko ya sa a rubuta masa. Wanda ba shi da ita ya riƙe abin da ya ci da daddare, da lokacin da ya sha magani, da yadda ya kwana, ya zo da safe bai karya ba mu gwada shi. Da wannan ne likita zai san ko a sauya lokacin allura, ko a rage, ko a ƙara.

Maganar azumi da sahur ta fi ƙarfin yau, za mu ware mata zama na musamman kafin Ramadan. Yanzu masu allura su tsaya ta hannun dama da katunansu, masu ƙwaya ta hagu, mu duba kowa ɗaya bayan ɗaya. Allah Ya ƙara lafiya.