Tukunya ko Na'ura: Mas'alar Iskar Oksijin a Asibitocin Karaye da Rogo

 

Iskar da muke shaƙa, wadda Allah ya hore wa talaka da basarake ba tare da farashi ba, kashi 21 cikin 100 ne kawai na cikinta ke rayar da jiki, shi ne oksijin, sauran kuwa galibinsa naitirojin ne, mai shiga ya fita bai amfana wa jini komai ba. Tun ƙarni na 13 Ibnun Nafis, likitan nan da ya zauna a Alƙahira ya rasu a 1288, ya yi bayanin cewa jini yakan bar zuciya ya ratsa huhu ya haɗu da iska kafin ya komo. Mai lafiya wannan kashi 21 ya ishe shi; amma yaron da ciwon huhu ya kama, ko bakwainin da huhunsa bai nuna ba, ko matar da ta zubar da jini wajen haihuwa, sai an ƙara musu, in ba haka ba jini ya yi ta kewayawa da ɗan abin da bai isa ya riƙe rai ba. Asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa a 2018 ciwon huhu ya kashe yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar a Nijeriya, adadin da babu wata ƙasa a duniya da ta kai shi a wannan shekara.

Hanyoyi biyu ne ake kai wannan iska bakin gadon majinyaci a ƙananan asibitoci irin namu. Ta farko tukunya ce ta ƙarfe, wadda ake ɗura wa iska a masana'anta a danne ta da ƙarfi. Ta biyu na'ura ce da ake jona wa lantarki, ta zuƙi iskar ɗaki, ta bi da ita ta cikin wani ma'adini mai suna ziyolait wanda ke riƙe naitirojin, ta fitar da oksijin mai tsarkin kashi 90 zuwa 95. Tukunya randa ce, abin da aka zuba mata shi za a ɗiba. Na'ura rijiya ce, ba ta ƙafewa, amma sai da guga, gugarta kuwa wuta ce.

Bari mu yi lissafi, domin hujjar tana cikinsa. Babbar tukunya, wadda sai ƙarti biyu ko amalanke ke iya kawar da ita, tana ɗaukar kimanin lita 6,800. Yaron da ake ba lita 2 a minti guda zai shanye ta cikin kwana biyu da 'yan sa'o'i; babban mutum da numfashi ya tsananta masa har ana ba shi lita 10 zai gama da ita cikin sa'a 11 da ɗoriya, wato ba za ta kai shi daga azahar zuwa asuba ba. Wannan kuma idan bakin tukunyar ba ya yoyo ne, abin da ba kasafai ake dacewa da shi ba a inda kawunan aunawa suka tsufa. Idan ta ƙare, sai a ɗora ta a mota a bi hanyar Gwarzo a kai ta birnin Kano, a biya kuɗin ɗuri, a biya kuɗin mota zuwa da dawowa, mutumin Rogo kuma, da yake can bakin iyakar Katsina da Kaduna, tafiyarsa ta fi ta Bakaraye tsawo. Duk wannan ɗawainiya a ƙarshe kan uban yaro take faɗawa, wanda sau da yawa sai ya sayar da akuya ko buhun masara kafin a buɗe masa iska.

Ƙaramar na'ura kuwa, mai ba da lita 5 a minti, idan ta yini ta kwana tana aiki ta samar da lita 7,200, fiye da cikin babbar tukunya ke nan a kowace rana ta Allah, tana cin wutar da ba ta wuce wat 300 zuwa 400 ba, kuma da ƙaramin abin rarrabawa za ta iya shayar da jarirai uku ko huɗu lokaci guda, tun da jariri sabon haihuwa rabin lita zuwa lita guda yake bukata. A ƙasar Papuwa Niyu Gini, inda asibitocin karkara ke fama da nisa kamar namu, an saka waɗannan na'urori tare da abin auna iskar jini a asibitoci biyar, sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna mutuwar yara masu ciwon huhu ta ragu da kashi 35 cikin 100.

To, da wannan ne kaɗai zancen, da mun ce kowa ya sayi na'ura. Amma malaman fiƙihu sun koya mana cewa hukunci yana tafiya ne da sharuɗɗansa, kuma sharuɗɗan na'ura a ƙasarmu masu nauyi ne. Da an ɗauke wuta take tsayawa, ba ta da ajiyar ko da numfashi goma. Wutar da ke zuwa da rauni ko da ƙarfin da ya wuce kima tana ƙona injinta. Abin takaici ma shi ne muna zaune kusa da madatsar ruwa ta Challawa, amma ba za mu iya jingina ran jariri ga wutar layi ba. Sannan ga ƙurar hunturu, wadda ke toshe matatarta a daidai lokacin da tari da mura suka fi kwantar da yara, ga zafin bazara na Afrilu da Mayu wanda kan haura digiri 40 da aka ƙera yawancin na'urorin su jure. Mafi hatsari duka, na'urar da ma'adininta ya gaji tana ci gaba da kuka tana hura iska kamar lafiyarta lau, alhali oksijin da ke cikin abin da take fitarwa ya ragu ƙwarai, kuma ba a gane hakan da ido ko da kunne, sai da abin gwada tsarkin iskar.

Saboda haka ra'ayina, wanda na faɗe shi bisa ijtihadi ba bisa nassi ba, shi ne a ɗakin yara da ɗakin haihuwa na asibitocin Karaye da Rogo na'ura ta zama abin dogaro na yau da kullum, amma kada a saye ta sai an saye ta da faifan sola da batirin da zai raba dare, domin rana ita ce arzikin da ba a ɗauke mana; tukunya kuma a ajiye ta cike a kusurwa, kada a taɓa ta sai larura ta kama: wuta ta yanke, ko majinyaci ya bukaci abin da ya fi ƙarfin na'ura, ko za a ɗauke shi a mota zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, inda babu abin da zai riƙe shi a hanya face ita. Dattijon da likita ya rubuta wa iska a gida, wanda akan so ya sha aƙalla sa'a 15 a rana, lita 2 a minti za ta cinye masa babbar tukunya kafin kwana huɗu, don haka shi ma na'ura ta fi masa sauƙi. Sai dai a nesanta janareta daga tagarsa, kada na'urar ta zuƙo hayaƙin ta kai masa.

Ina jan hankalin masu hali da ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda ke son sadaka mai gudana, cewa abin da ya kamata a fara saya shi ne ƙaramin abin nan da ake maƙala wa yatsa, wanda injiniyan Japan Takuo Aoyagi ya gano asalinsa a farkon shekarun 1970. Shi ke nuna yawan iskar da ke cikin jini, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaron da iskar jininsa ta sauka ƙasa da kashi 90 a ba shi oksijin. Ba tare da shi ba, ana hana mai bukata a ba wanda ba ya bukata, kuma yawan iskar kansa cuta ne ga bakwaini, domin a shekarun 1940 da 1950 ya makantar da dubban jarirai a Amurka da Turai kafin a gane illarsa.

Nijeriya ta fitar da manufarta ta ƙasa kan iskar oksijin a 2017, Majalisar Lafiya ta Duniya kuma ta zartar da ƙuduri a kai a Mayun 2023, bayan abin da annobar korona ta nuna wa kowa. Amma takarda ba ta wanke matatar na'ura. Wanda zai ba da wakafin na'ura ya haɗa da kuɗin horar da saurayi ɗan gari, wanda zai wanke matatar kowane mako, ya gwada tsarkin iskar, ya rubuta a littafi, ya kuma hana kusantar tukunya da maiko ko taba ko fitilar kananzir, tun da oksijin yana rura wuta. Kada kuma a ari tukunyar mai walda a kai wa majinyaci, domin ba a tsaftace ta don huhun ɗan Adam ba.