KWALLI: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Jawabin da malamar lakwal ta garinmu ta yi a taron ƙungiya, kwana 2 bayan ƙaramar Salla. Mun buga shi yadda ta faɗe shi.

Maigari, Allah ya ja zamaninka. Liman, Allah ya gafarta malam. Dattawa, iyayena mata, ƴan'uwa da suka zo gida daga Yamai da Kano da Ikko da Abijan, ina gaishe ku, barkanmu da Salla.

Da na gaya wa shugaban ƙungiya a kan kwalli zan yi magana, sai ya yi dariya, ya ce wannan ai zancen ɗakin mata ne. Na ce haka ne, amma maza ke sayo shi cikin tsaraba, kuma idon da ake zuba wa na ɗiyanmu ne duka. Shi ya sa na roƙi a ba ni wuri.

Bara, sati ɗaya bayan Salla, ƴan mata 7 na ajina suka zo da jan ido, kwantsa ta manne musu gashin ido, ba su iya duban allo. Da na bi diddigi, sai na tarar a gida ɗaya suka yi kwalliyar Salla, da tandu ɗaya, da tsinke ɗaya. Ɗayarsu na da ciwon tun da azumi, tsinken ya rarraba wa sauran. Kusan sati 2 ba su zo lakwal ba, ga jarrabawa ta matso. Ban ga laifinsu ba. Ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu yadda ake yi, gani kawai suke yi suna kwaikwayo.

To ga abin da nake so kowace uwa da kowace yaya ta koya wa yarinya ranar da za ta fara sa kwalli.

Na ɗaya, ta wanke hannu da sabulu, ta wanke fuska, ta bari ta bushe.

Na biyu, kowa da tsinkensa. Tsinken ya zama sumul, bakinsa a dakushe, ba tsatsa. A goge shi da tsumma mai tsabta kafin a sa da bayan an gama. Kada a jiƙa shi da miyau, kada a yi da kara ko ashana.

Na uku, ta zauna inda akwai haske, ta jingina madubi, ta kafa gwiwar hannu a kan gwiwarta don kada hannu ya yi rawa. Ba a yin kwalli a tsaye ana hira, ba a yi cikin mota.

Na huɗu, ta ɗibi kaɗan, ta kakkaɓe. Ta ja a gindin gashin ido, daga wajen hanci zuwa wutsiyar ido, a hankali. Mai koyo ta tsaya a bakin fata ta waje, kada ta cusa cikin ido. Layi siriri ya fi kyau, in bai fito ba a ƙara. Ƙari na da sauƙi, ragewa ke sa a murje ido har ya yi ja. Haka jagira: a bi yadda Allah ya shuka girar, kada a aske ta don a zana wata.

Na biyar, kayan kanti, wato fensirin ido da maskara da hodar fatar ido, a wanke su kafin a kwanta. Maskara in ta yi wata 3 da buɗewa a yar da ita, ko ba ta ƙare ba. In ta bushe kada a tsinka ta da ruwa.

Na shida, idon da ya yi ja, ko yake ƙaiƙayi, ko yake kwantsa, ba a sa masa kwalli. Likita ake kai shi. Iyayenmu sun tuna afolo, ciwon da ya ɓulla a Gana a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, ya bi ƙasashe gida gida. Mun kuma san amodari, wanda ya daɗe yana makanta mutane a jihohin Damagaram da Maraɗi. Hannu da tsumma da ƙuda ke ɗaukarsa, ya yi ta cin fatar ido ta ciki har gashi ya juya yana kartar ƙwayar ido. Abin da tsumma zai ɗauka, tsinke ma zai ɗauka.

Yanzu ga magana mai nauyi, iyayena mata ku yi mini haƙuri. Kwallin dutse mai walƙiya, wanda muke saye a kasuwa mu niƙa, mafi yawansa dutsen da ake fitar da dalma daga cikinsa ne, littattafanmu na lakwal suna kiransa galène. A 2011, wani asibitin yara a Boston, a Amurka, ya sami dalma da yawa a jinin wani jariri mai wata 6, ɗan mutanen Najeriya. Aka auna kwallin da ake sa masa, aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Jariri yana murza ido ya kai hannu baki, haka take shiga cikinsa. Tana rage jini, tana taɓa ƙwaƙwalwa, kuma ɓarnar da ta yi wa kan yaro ba ta gyaruwa. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce babu wani ɗan kaɗan na dalma da za a ce ba shi da lahani. Mun ji abin da ya faru a Zamfara a 2010, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake daka a gidaje ta kashe yara wajen 400. Can ba kwalli ba ne, amma gubar ɗaya ce.

Na san abin da za a ce: da shi aka goye mu, ga mu muna gani. Ni ma da shi aka goye ni, kuma ɗiyata ta fari na sa mata tun ranar suna, don ban sani ba. Dalma ba ta makanta yaro a ga shaida. Aikinta a ɓoye yake, sai yaro ya zo aji ana faɗa masa abu ba ya riƙewa, mu ce daƙiƙi ne, mu kai masa bulala.

Zancen sunna kuwa na malamai ne, ba ni shiga gabansu. Mun ji daga bakinsu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana sa kwallin ismidi. Abin da zan ce kawai, ba duk baƙin garin da aka rubuta wa ismidi a kwalba ne ismidi ba, ko daga Makka aka kawo shi. An auna irinsu da dama an sami dalma.

Roƙona uku ne. Ƴan ci-rani, in za ku sayo wa mata kayan ido, ku nemi mai rufi, mai sunan wanda ya yi shi da ranar lalacewarsa a jiki, ku bar na tire da ke kwana a rana. Ku sayo wa kowace yarinya nata, kada a ba mutum biyar guda ɗaya. Ungozomomi da kakanni, ku ɗauke wa jarirai da ƙananan yara kwalli. Ruwan da aka tafasa ya huce da tsumma mai tsabta sun ishe su, kowane ido da gefen tsummansa. Ƙungiya kuma ta gayyato mana ma'aikacin likita a taro mai zuwa ya duba idon yara.

Ban zo hana kwalliya ba, ga shi ni ma na sa. Ƴan matanmu su yi ado, su yi shi da sani. Duk wadda ke son a nuna mata, ta same ni a lakwal ranar Asabar da la'asar, ta zo da madubinta.

In na yi kuskure a gafarta mini. Allah ya tsare mana ganinmu, ya maimaita mana.