HAƘORAN DA BA SU JURE SANYI DA ZAFI
Jawabi don wayar da kan jama'a

Mutane da yawa, in sun kurɓi ruwan randa mai sanyi ko shayi mai zafi, sai su ji wani zogi ya tsarga musu haƙori kamar an soka allura, jim kaɗan kuma ya ɗauke. Waɗansu kan ɗauka tsutsa ce, har su kai ga cire lafiyayyen haƙori. Galibi kuwa wannan zogi yana jin magani ba tare da an cire kome ba.

Kowane haƙori yana da farin ɓawo wanda ya fi kowane ƙashi na jiki tauri. A ƙarƙashin ɓawon akwai wani sashe mai ƙananan kafofi bila adadin, waɗanda suka nufi jijiyar da ke tsakiyar haƙori. In ɓawon ya zaizaye, ko kuwa dasashi ya ja da baya saiwa ta fito fili, sai kafofin nan su buɗe, sanyi da zafi da zaƙi su riƙa taɓa jijiyar. Ɓawon nan kuwa in ya tafi ba ya sāke tsirowa.

Daga cikin abubuwan da ke cinye shi akwai dirzar haƙora da ƙarfi, musamman da buroshi mai tauri ko busasshen asawaki, ko da gawayi da toka. Sa'an nan sai abubuwa masu tsami, irin su lemun tsami, da tsamiya, da lemun kwalba. Haka kuma yawan ƙwannafi ko amai, da cizon haƙora cikin barci, da ciwon dasashi, duk suna taimakawa.

Maganin farko yana hannun mai haƙoran. Ya nemi buroshi mai laushi, ya goge a hankali sau 2 a rana, minti 2 kowane lokaci, da man goge baki mai sinadarin fuloraid. In ya sha abu mai tsami, ya kurkure da ruwa, ya dakata kamar awa 1 kafin ya goge, domin tsami yakan tausasa ɓawon. A kantunan magani akwai man da aka yi musamman domin wannan larura. Yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ji amfaninsa, saboda haka sai an jure. Kada a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, gama ƙona shi take yi.

Amma in zogin ya daɗe bai ɗauke ba, ko ya hana barci, ko dasashi ya kumbura, to, alama ce ta ruɓewa, ko tsagewa, ko ƙurji. Lalle ne a je wurin likitan haƙori ba da jinkiri ba. Shi ne zai shafa magani a saiwar, ko ya cike ramin tun haƙorin bai kai ga cirewa ba. Babban mutum haƙora 32 gare shi, kuma wanda ya fita ba shi da magaji.