Tsofaffin Hotunan Garinmu Amana Ce a Wuyanmu



Hausawa na cewa gani ya kori ji. Mu da muka tsufa da alli a hannu mun sha ba yara labarin 'yan damben garin nan, da sukuwar Sallah, da gasar guje-guje ta makarantu, amma ba sa gaskatawa sai sun ga hoto. Saboda haka muke son mu tunatar da ku wahalar da aka sha kafin a sami waɗannan hotuna, domin a san darajarsu.

A zamanin fim, kyamarorin ƙwararru kashi uku ne. Akwai babba irin Speed Graphic, mai cin fallen fim inci 4 da 5, kowane falle hoto ɗaya tak. Akwai matsakaiciya irin Rolleiflex, wadda hotonta santimita 6 da 6 ne, naɗin fim ɗaya kuma hoto 12. Sai ƙarama mai fim na milimita 35, wadda Leica ta fito da ita kasuwa a 1925, Nikon F ta ƙara mata farin jini daga 1959. Naɗinta hoto 24 ko 36 ne. Babban fim ya fi fitar da hoto tangaram, ƙaramar kyamara kuwa ta fi sauri da sauƙin ɗauka, shi ya sa ta mamaye filayen wasa.

Ɗaukar mai gudu ko mai kai naushi shi ne gwajin gwani. Da hannu ake saita madubi, kuma dole idon kyamara ya ƙifta cikin kashi ɗaya bisa 500 na daƙiƙa, in ba haka ba hoto ya fito dishi-dishi. Mai hoto yakan saita wurin da yake zaton abin zai faru, ya jira, kuma ba zai san ya dace ba sai ya wanke fim a ɗakin duhu. Haka Neil Leifer ya ɗauki Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston a Amurka, ranar 25 ga Mayu, 1965, da Rolleiflex. Masu hoton garinmu irin wannan haƙuri suka yi, cikin ƙura da rana, ga tsadar fim.

To, ina hotunan suke yau? Wayar hannu ta kori ɗakin duhu. Kamfanin Kodak ma ya shiga halin fatara a 2012. Nagetif ɗin da suka rage suna cikin akwatuna da ƙarƙashin gado, gara da danshi suna cin su. Duk wanda ya fara warin tsami, ya kama hanyar lalacewa.

Roƙonmu guda uku ne. Kowane reshe na ƙungiya ya tattaro hotunan da ke hannun 'ya'yansa. A kafa kwamiti da zai ziyarci iyalan tsofaffin masu hoto, a kwafe nagetif cikin kwamfuta, a mayar wa kowa da kayansa. Sannan a zauna da dattawa su faɗi sunayen waɗanda ke ciki tun suna raye, domin hoton da ba a san mai shi ba takarda ce kawai.

Allah ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.